Kilishin Bayan Layya

Bana Layya ta sake faɗowa a ƙarshen bazara, daidai lokacin da gabas ke tara hadari da la'asar ta watsar ba ko ɗigo. Shekara talatin da ɗoriya ke nan rabonta da wannan wata. Kwana uku bayan Salla na fita da hantsi zuwa rumfarmu ta bakin tasha, na tarar da gadajen shanya a jingine, ba nama a kansu, ƙudaje ma sun koma gidajen da ake suya. Haka ya kamata a gan su, don mai hankali ba ya yanka kilishi a makon Layya. Amma da na tsaya ina kallonsu, zafin nan mai laima yana danne mini ƙirji, sai na tuna shekarar da muka saɓa wannan ƙa'ida, ni da yayana Arzika.

Mu gidan kilishi ne a Tawa tun kakanmu. Mahaifinmu bai yi lakkol ba, wato makarantar boko, amma shekara a tafin hannunsa take. Ya san da kaka, in an gama ɗaurin hatsi samarin yankinmu na Adar suka fara haramar tafiya Abijan, kowa zai nemi guzurin da zai kai shi bakin teku, cinyar sa shida ma ba ta isar mu a mako. Ya san ƙarshen wata ma'aikata za su zo, kowa da wanda zai aika wa a Yamai. Ya san bayan Layya sai an yi kwana arba'in kafin bakin mutane ya sake neman naman kasuwa. Da damina kuwa, rana ba tabbas, sai ya rufe rabin rumfa ya koma gonarmu ta hanyar Tebaram.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, yake yanke maganar mako. Zai zaga tasha ya ji motocin da za su tashi, ya dubi abin da ya kwana a faranti, ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya ce cinya kaza. Wannan kalma tasa mutane da yawa ke ci da ita: mahaucin da zai ware mana cinyoyi, magidanta huɗu da ke yanka tare da mu, mai itace, masu talla a tasha, sai kuma Gwaggo Hajo. Ita ba jininmu ba ce. Mutuniyar Bambeye ce, mijinta ya rasu ta zauna a gefen gari tana soya gujiya, ta matse mai ta sayar, ta kawo mana tunkuza, wadda da ita ake dama labun da ake tsoma kilishi. Baba zai biya ta ƙofarta ya ce ƙwarya biyu, ko huɗu, ita kuma a ranar za ta shiga kasuwa ta auno gujiya daidai maganarsa. Shekara ashirin ba su taɓa saɓawa ba.

Baba ya rasu ya bar mana wuƙaƙe da rumfa da wannan sani. Sai dai zamanin da ya gina sanin a kansa shi ma bai daɗe bayansa ba. Lokacin siyasa sabuwa ce, kowace bishiya a gari da tutar jam'iyya a kanta. Ma'aikata kuwa ƙarshen wata ya daina zama ƙarshen wata a gare su. Sai a yi wata biyu, uku, ba albashi, in ya zo kuma ya zo ran da ba wanda ya zata. Hanyar arewa ba lafiya, motocin Agadas ba sa tashi sai an tara su an haɗa su da rakiyar soja. Ran da ayari zai tashi, kafin azahar an share mana faranti, mutane na miƙo hannu ta tagar mota muna cewa ya ƙare. Mu yi ɗoki mu ƙara cinya biyu, sai a yi kwana tara ba mota. Ana cikin haka aka wayi gari rediyo ta ce an karya darajar kuɗinmu. Shanu suka fara bin hanyar kudu a manyan motoci, don fataken can sun fi mu tsawon hannu, abin da ya rage a kasuwa ya yi tsada.

Bayan ƙaramar Salla muka fara saɓani da Arzika. Ya girme ni da shekara tara, shi ne a madadin Baba, kuma a Tawa kaf ba wanda ya kai shi hannu a wuƙa. Ni ra'ayina mu riƙa yin kaɗan, cinya ɗaya ko biyu, in ya ƙare ya ƙare, gara mai saye ya rasa da mu kwana da kaya. Shi kuma abin da ke ci masa rai daban.

"Illa," ya ce mini wata ranar Lahadi muna dawowa daga kasuwar shanu, "mutanen ga huɗu da munka gada wurin Baba, kowa na da ɗiya. Yau ka ce su zo, gobe ka ce su zamna gida, jibi ka ce su zo. Wa ka iya rayuwa haka? Wata rana za ka neme su ka iske sun tahi."

"To, Yaya, in munka yi da yawa wa za mu sayar ma?"

"Kilishi ba hura ba ne da za shi kwana shi yi tsami. In ya sha ranar bazara yana wata biyar. Rana yanzu kyauta ce. Nan da wata biyu ko da kuɗɗi ba ka samun ta."

Maganarsa ba ta wauta ba ce, har yau ba na cewa ta wauta ce. Tunaninsa shi ne, makonnin bayan Layya da kowa ke rufe rumfa, lokacin shanu ke ɗan sauka, rana kuma tana kan ganiyarta. Mu yanka a lokacin, mu ajiye. Kafin naman Layya ya ƙare a gidaje damina ta shigo, sauran masu kilishi ba su da ranar shanya, duk wanda ya nema sai wurinmu. Mutanenmu sun samu aiki ba yankewa, mu kuma mun samu abin sayarwa a watannin da Baba ke rufe rabin rumfa.

Abin da ya ƙarasa tunzura shi Malam Abdu ne, wani malamin lakkol da ke zama a bencinmu da yamma ko bai sayi komai ba. Mako ɗaya kafin Layya ya zo fuskarsa a sake, ya ce an yi zama a Yamai, magana ta ƙare, bayan Salla za a biya ma'aikata wata biyu a haɗe. Ya ce ranar mu shirya, don shi kaɗai akwai mutum biyar da ya daɗe bai aika wa komai ba. Ba ƙarya ya yi mana ba, abin da aka gaya masa ya faɗa.

Jarinmu bai kai ba, sai Arzika ya buɗe rumbu. Hatsin da ya kamata ya kai gidanmu kaka, ya fitar da fiye da rabi aka kai kasuwa. Matarsa Rabi tana tsaye bakin madafa ana loda buhuna a amalanke. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta sa baki a harkar rumfa ba, amma ranar ta yi wa mijinta magana.

"Malam, ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari."

"Kahin a yi noman hwari na maido shi ninki," ya ce, bai dube ta ba.

Da yammar ranar ya biya wurin Gwaggo Hajo ya ce mata ƙwarya takwas kowane mako, har mako biyar. Ina tare da shi. Ta ajiye muciyar da ke hannunta ta ce, "Takwas, ɗana? Ubanka ko da kaka bai wuce shida ba." Ya ce takwas. Ba ta ƙara tambaya ba. Ni kuma ban tambayi kaina da me za ta sayi gujiyar ba.

Kwana huɗu bayan Salla muka fara. Ban taɓa yin aiki irin na makonni ukun nan ba. Da an sallame asuba muna mayanka, kafin rana ta fito cinyoyi na rumfa. Mu shida za mu zauna a jere, kowa da katako a gabansa. Ka ɗauki tsoka kamar kan yaro, ka riƙa bin ta da wuƙa kana juya ta tana warwarewa, har ta zama shimfiɗa guda wadda kana ganin inuwar yatsunka ta bayanta. Arzika yana yin uku kafin in gama biyu, kuma tasa ba ta huda. Da hantsi a baza a gadajen kara. Ranar wannan shekara ba ta da tausayi. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, gumi yana bushewa a jiki ya bar farin gishiri a wuyan riga, ruwan randa kansa kamar an ɗora shi a wuta. Kafin azahar nama ya bushe, in ka ɓamɓaro shi daga kara kana jin ƙaransa. Sai a tsoma a labu, tunkuza da albasa da citta da kanumfari da barkono da gishiri, a sake bazawa. Shirwa na shawagi a sama, ɗayanmu na tsaye da sanda. Da la'asar a hura garwashi a gasa, mai na tsartuwa, ƙamshi ya cika tasha, masu wucewa su ce sannunku da aiki su wuce, don kowa na da soyayyen rago a tukunyar ɗakinsa.

Ɗakin Baba na ƙasa da ke ƙuryar gida muka share. Muka jera duwatsu, muka ɗora katakai, muka riƙa naɗe kilishi a takardar siminti muna shiryawa a kwalaye. A ƙarshen mako na uku kwalaye sun kai kafaɗata ta bango uku. Na tuna Arzika a bakin ƙofar, hannunsa a kan dogarin, yana shaƙar ƙamshin yana dariya, ya ce da Baba zai leƙo da ya ce ɗiyansa sun haukace. Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na gani har haƙora.

Ruwan farko ya sauka ran Talata da azahar, muna da nama a gado. Muka kwasa a guje. Gari ya yi murna, mu ma mun yi, muka je gona muka yi shuka cikin gaggawa muka dawo. A Adar mun saba da ruwa ya zo ya yi kwana goma bai waiwayo ba, muna jiran wannan tazara mu ƙarasa mako biyun da suka rage. Tazarar ba ta zo ba. Tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga damina irin ta wannan shekara ba. Yau ruwa, jibi ruwa, tsakaninsu sama a rufe kamar an kifa ƙwarya. Bangaye suka sha suka ƙoshi, laima ta hau su har gwiwa. Gishiri ya jiƙe a madafa, ashana ta ƙi kamawa, ƙofar ɗakin Baba ta kumbura sai an sa kafaɗa. Koramu suka yanke hanyoyi, motoci suka yi ta kwana a laka.

Albashin kuma bai zo ba. Maimakonsa ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka rufe lakkol da ofisoshi, waɗanda ke da ƙauye suka kwashi iyali suka koma. Malam Abdu ya daina bin ta gabanmu, sai ya zaga ta bayan tasha. Ran da suka yi kiciɓis da Arzika ya tsaya yana neman abin faɗa, Arzika ya ce, "Malam, ba kai ka hana ba. Zo ka zamna." Ya zauna, amma bai ƙara dawowa ba.

Yanzu 'ya'yana suna da firiza da leda mai rufewa, in mota za ta taso daga Agadas direba ya kira a waya ya ce a tanadi kaza. Mu a lokacin hancinmu ne kawai da idonmu. Kullum da safe mu fito da kwalaye tsakar gida, mu buɗe ɗaya bayan ɗaya, mu shinshina, mu kasa uku: mai lafiya, mai shakka, da wanda ya tafi. In rana ta leƙo mu baza a guje, kafin ya ji ɗumi gabas ta yi baƙi mu kwashe. Muka koma sake gashi da ɗanyen itace, hayaƙi na fitar mana da hawaye. Duk gashi ɗaya kilishi na ƙanƙancewa yana baƙi yana ɗaci. Funfuna ta fara ne a cikin ninki, fara sol kamar auduga, ka goge da tsumma ka ce ba komai. Bayan kwana uku ka tarar ta koma kore, man gujiyar ya juya, warin ya kama takarda da bango da tufafinmu. Abin da muke sayarwa a tasha a yini bai kai abin da ke lalacewa kafin gari ya waye ba. Mutanenmu huɗu da aka yi duk wannan don kada su zauna, ɗaya bayan ɗaya muka sallame su.

A cikin wannan ruɗani sai da aka kwana tara da fara ruwa kafin wani a cikinmu ya tuna da Gwaggo Hajo. Arzika ya ce in je, shi ba zai iya ba. Na same ta a rumfar ƙofar ɗakinta, ruwa na ɗiga ta kusurwa, ƙore a jere an rufe da faifai, kwalaben mai sun cika tabarma, ga sauran buhun gujiya a jingine. Ta yi na mako na huɗu ta gama, ta soya na biyar. Na gaishe ta, na daɗe ina gaisuwa.

"Hwaɗi abin da ya kawo ka, Illa."

"Gwaggo, Yaya ya ce a dakata. Ba rana, ba masu saye."

Ta ɗaga faifai ɗaya ta duba ta mayar. "Yaushe kunka san haka?"

Na kai ido ga ƙoren da ke jere, ta ci gaba.

"Ku kun ga hadari kun kwashe namanku. Ni ina nan ina daka. Ubanku ko ƙwarya guda za shi rage sai ya tako da ƙahwa tai ya hwaɗa mani ran Lahadi." Ba ta ɗaga murya ba. "Tahi, ka gaida Rabi."

Ta toya ƙuli-ƙuli da abin da ya toyu, amma wa ke da kuɗin ƙuli a watan nan? Kafin tsakiyar damina muka ji ta rufe ɗaki ta koma Bambeye gidan ƙanenta.

Hatsinmu ya ƙare gero na fara bununi. Rabi da matata suka riƙa auna tiya guda ta kwana biyu, fura ta zama ruwa mai launin fura, da dare a dafa tafasa da yaɗiya. Abin da ya fi ci mini rai, gidan cike yake da nama. Yara suka ci kilishi safe da rana har dasashinsu ya yi ciwo, gishiri ya sa su shan ruwa cikinsu na ƙugi. Ƙaramar 'yar Arzika in an miƙa mata sai ta kau da kai ta ce ita tuwo take so. Na ɗauki kwali biyu na mai lafiya na bi motar kasuwa zuwa Tebaram ko zan musanya da hatsi. Muka yini a bakin korama muna jiran ruwa ya janye. Da na isa, mutanen ƙauye suka taɓa, suka shinshina, wani tsoho ya ce, "Ɗan birni, wa ka cin nama a watan ga?" Tiya biyar na komo da ita.

Bayan dawowata da kwana biyu wani mai talla a tasha, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya zo gida da hantsi. Ya ce ya ji halin da muke ciki. Ya ce a ba shi duk wanda ya lalace, zai kankare, ya shafa sabon mai da barkono, ya gasa, ya sayar wa matafiya ta tagar mota. Kafin su buɗe sun yi nisa. Zai ba mu buhun hatsi biyu.

Buhu biyu zai kai mu sabon gero. Ni na ce a karɓa. Ba zan ɓoye ba, ni na faɗa, a gaban mutumin. Arzika ya ce masa ya je za mu yi shawara, ya raka shi zaure, ya dawo ya tsaya a tsakar gida.

"Wanda za shi saye, cikin daji za shi ci shi, shi da ɗiyanshi. In cikinsu ya ɓaci tsakanin nan da Abalak, wa za shi kai su likita?"

"Namu ɗiyan hwa, Yaya? Ka dube su."

"Ina ganin su."

"Kai ka jehwa mu cikin wanga hali. Na hwaɗa maka, Rabi ta hwaɗa maka. Yanzu kuma ga hanya ta samu kana tsarki."

Tunda aka haife ni ban taɓa yi masa magana haka ba. Matan suka shige ɗaka. Na zaci zai mare ni, da ma ya yi. Ya dube ni kawai, ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi. Ni na yi. To ba ni ƙara wani bisa wanga." Ya shiga ɗakin Baba ya fara fito da kwalaye.

Amalanke uku muka yi zuwa bayan gari. Ƙasa a jiƙe take, ramin bai yi wuyar haƙa ba. Muka riƙa zazzagewa, takardun na yagewa a hannu, karnuka na zaune nesa suna jira. Aikin mako uku na mutum shida, da hatsin rumbunmu, da daka da suyar Gwaggo Hajo, duk muka tura ƙasa a kai muka tattake, muka ɗora ƙaya da duwatsu. Muka koma gida. Da yamma Arzika ya ɗauki keken Baba da babbar rigarsa ta Salla ya fita, ya dawo a ƙasa da rabin buhu a ka. Da wannan, da ganye, da abin da dangin Rabi suka aiko, muka ja har gero ya nuna.

Kwana goma sha biyu bayan mun binne, aka biya ma'aikata wata guda. Ranar sama ta yi tas. Kafin azahar mutane sun cika gaban rumfa, kowa da kuɗi a hannu, wasu sun zo da sunayen waɗanda za su aika wa a rubuce. Washegari kuma ayarin arewa ya tashi, mota ta fi ashirin. Abin da ya rage mana bai cika faranti biyu ba, ya ƙare kafin in gama naɗe na mutum na goma. Ba mu da kuɗin cinya, ba mu da tunkuza, ba mu da masu yanka. Arzika ya zauna a benci yana ce wa mutane sai wani jiƙon, har ya gaji da faɗa ya tashi ya tafi gida.

An yi kaka mai albarka a Adar wannan shekara, sai dai tamu gonar ba ta samu noma a kan kari ba, muna can muna shinshinar kwalaye. Abin da muka ɗaure bai kai rabin na shekarar da ta gabace ta ba. Da samari suka fara haramar Abijan, Arzika, mai shekara arba'in da biyu, wanda bai taɓa wuce Ƙonni ba, ya ce zai bi su. Na roƙe shi, na ce maganar da na faɗa ɓacin rai ne. Ya ce ba don ita ba ne, gida ba zai ɗauki magidanta biyu a kan cinya ɗaya ba. Ni na yanka masa guzuri da hannuna. A tasha, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya juyo.

"Illa, ka tahi Bambeye. Ka ce ma Gwaggo Hajo ta yahe mani. Na so in tahi da kaina, ƙahwata ta ƙi."

Sai da na yi wata biyu ina ɗagawa kafin na je. Na same ta a bayan gidan ƙanenta tana sussukar hatsin mutane, ana ba ta tiya a kan dami. Ta rame, amma ta gane ni tun daga nesa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Na ce mata mun soma aiki kaɗan kaɗan, ko za ta dawo. Ta ce hannunta ya mutu, kuma ba ta da abin farawa. Sannan na isar da saƙo.

Ta daɗe tana tsince ƙaiƙayi daga zanenta.

"Ka ce mishi na yahe, duniya da lahira. Shi ma ruwa ya ci shi." Na zaci ta gama. "Awaki ukku gare ni, Illa. Su na sayar na sayi gujiyarku. Baƙar cikinsu tana da ciki, saura kwana kaɗan ta haihu. Wanga ma ka hwaɗa mishi, don shi sani. Ba don komi ba."

A lokacin kaset muke aikawa Abijan, a taru a gaban rediyo kowa ya yi gaisuwa, mai tafiya ya kai. Da aka zo kaina na gaishe shi, na ce rumfa na tafiya, cinya biyu a mako. Na ce na je Bambeye, Gwaggo Hajo ta ce ta yafe duniya da lahira. Kaset na juyawa, kowa na jira in ƙarasa. Na miƙa wa Rabi rediyon.

Shekararsa huɗu a can yana gashin nama a bakin titi yana aiko da abin da ya samu, zazzaɓi ya ɗauke shi, 'yan Tawa suka binne shi a wata maƙabarta da ban taɓa gani ba. Maganar awakin bai taɓa jin ta ba.